Boren Talakawa da Faɗuwar Sarautar Romanov a Rasha

Gidan Romanov ya hau gadon sarautar Rasha a 1613, ya riƙe ta shekara 304. Sarkin Rasha, wanda suke kira Tsar, ba kamar na Ingila ba ne da majalisa ta ɗaure wa hannu. Shi ne wuƙa shi ne nama. Shi ke naɗa ministoci, shi ke tuɓe su, abin da ya faɗa shi ne doka, kuma Cocin Otodoks na karantar da talakawa cewa Allah ne ya ɗora shi a kansu. Na ƙarshen gidan, Nikolas na Biyu, ya gaji mahaifinsa Alezanda na Uku a 1894 yana da shekara 26. Mutum ne mai ladabi, mai son iyalinsa, mai riƙo da addininsa, sai dai yana da taurin kai a inda ake bukatar sassauci, ga kuma rawar zuciya a inda ake bukatar yanke magana. Bai daɗe da hawa ba wakilan majalisun karkara suka nuna fatan a riƙa jin ta bakin jama'a a harkar mulki. Ya amsa musu a bainar jama'a cewa wannan mafarkin banza ne, shi kuwa zai riƙe mulki yadda mahaifinsa ya riƙe.

A lokacin bikin naɗinsa a Mosko cikin Mayun 1896, aka tara talakawa a filin Khodynka don raba musu abinci da kofunan tunawa. Jita-jita ta bazu cewa kayan ba za su isa ba, aka yi turmutsitsi, mutum fiye da 1,300 suka mutu. Da daren ranar sarki ya halarci liyafar jakadan Faransa, domin manyan gidansu sun ce masa ƙin zuwa zai ɓata wa ƙawar Rasha rai. Talaka bai san wannan dalili ba. Abin da ya gani shi ne gawawwaki a keken doki, sarki kuwa yana wurin rawa.

Ƙasar da Nikolas ya gada tana da faɗin da ya kai daga Folan zuwa gabar tekun Fasifik. Ƙidayar 1897 ta samu mutum wajen miliyan 125, kuma ainihin Rashawa ba su kai rabi ba. Sauran 'yan Yukren ne, da Folawa, da Yahudawa, da mutanen Kaukasus, da Musulmi kusan miliyan 14. Akasarin jama'a manoma ne. Kakan Nikolas, Alezanda na Biyu, ya 'yanta su a 1861 daga wani irin bauta da ya ɗaure su da gonakin iyayengijinsu, amma aka ɗora musu kuɗin fansar ƙasa da za su yi shekara 49 suna biya. Yawan jama'a na ƙaruwa, gona tana ƙanƙancewa, gandun masu sarauta kuwa na nan a gefen ƙauye manomi yana kallonsa kullum. Yunwar 1891 zuwa 1892 ta kashe ɗaruruwan dubbai.

A birane kuma, ministan kuɗi Sergei Witte ya tasa ƙasar a gaba wajen kafa masana'antu da jarin Faransa da shimfiɗa layin dogo, har da wanda ya ratsa Siberiya. 'Ya'yan manoma suka kwararo Petersburg da Mosko neman aiki. Dokar 1897 da aka ce ta tausaya musu ta tsayar da aikin yini a awa goma sha ɗaya da rabi. Ba ƙungiyar ƙwadago, yajin aiki laifi ne. A cikin waɗannan unguwanni jam'iyyun ɓoye suka samu kasuwa: masu bin aƙidar Karl Marx, waɗanda suka rabu gida biyu a 1903, Bolshebik na Lenin da Menshebik, da kuma jam'iyyar juyin juya hali mai ra'ayin manoma, wadda ke da reshen kisan manyan jami'ai. Su ne suka tarwatsa ministan cikin gida Plehve da bam a 1904.

Yaƙi da Japan ne ya fasa ƙwan. An shiga shi a Fabrairun 1904 kan Manchuriya da Koriya, fadar sarki na ganin abin wasa ne. Tashar jiragen ruwa ta Port Arthur ta faɗi a Janairun 1905, aka sha kashi a Mukden, sannan rundunar ruwan Baltik, wadda ta yi wata bakwai tana tafiya, babban ɓangarenta ya kewaya Afirka, ta isa mashigin Tsushima a watan Mayu, Japanawa suka nutsar da akasarinta cikin kwana biyu.

Tun kafin wannan, jini ya riga ya zuba a gida. A ƙarshen 1904 aka kori ma'aikata huɗu daga masana'antar ƙarfe ta Putilov, yajin aiki ya bazu a Petersburg. Jagoran ma'aikatan wani limamin coci ne, Georgy Gapon, kuma ƙungiyarsa da izinin 'yan sanda aka kafa ta. Ya rubuta takardar koke da ke roƙon aikin awa takwas, da ƙarin albashi, da majalisar da jama'a za su zaɓa. Ranar Lahadi 22 ga Janairun 1905, dubun dubatar ma'aikata suka fito da matansu da 'ya'yansu, sanye da kayan zuwa coci, ɗauke da hotunan waliyyai da na sarki, suna waƙoƙin ibada, suka nufi Fadar Hunturu. A ganinsu sarki uba ne, fadawa ne ke ɓoye masa halin da 'ya'yansa ke ciki, da zarar ya ji da kunnensa zai share musu hawaye. Sarkin ma ba ya garin, yana gidansa na Tsarskoye Selo a bayan birni. A ƙofar Narva, inda ayarin Gapon ya bi, mahaya suka afka wa mutane, sojan ƙasa suka buɗe wuta. Haka aka yi a gadoji da kuma filin gaban fada. Gwamnati ta ce mutum 130 suka mutu. Masana tarihi na ganin adadin ya wuce haka. Nikolas ba shi ya ba da umarnin harbi ba, amma da sunansa aka harba, kuma bai hukunta kowa ba. Abin da aka kashe a ranar, wadda ake kira Lahadin Jini, shi ne yardar da talaka ke yi wa sarki, kuma ba ta sake dawowa yadda take ba.

Shekarar 1905 duk a hargitse ta tafi. Ma'aikata fiye da 400,000 suka shiga yajin aiki a watan Janairu kaɗai. A Fabrairu aka kashe baffan sarki, Yarima Sergei, da bam a Mosko. Manoma suka riƙa ƙona gidajen masu gandu suna kwashe hatsi. A watan Yuni matuƙan jirgin yaƙi na Potemkin a tekun Bahar Aswad suka ƙi cin miyar da aka dafa da nama mai tsutsa, bayan likitan jirgin ya ce lafiyarsa lau. Wani hafsa ya harbe ɗaya daga cikinsu, su kuma suka kashe kwamandan jirgin da wasu hafsoshi, suka ɗaga jar tuta, daga baya suka miƙa kansu ga hukumar Romaniya. A Oktoba ma'aikatan jirgin ƙasa suka ajiye aiki, ƙasa ta tsaya cik. A Petersburg wakilan masana'antu suka kafa majalisar kansu, wadda a harshensu ake kira sobiyet, kuma a cikinta Leon Trotsky ya yi suna.

Witte, wanda ya dawo daga Amurka bayan ƙulla sulhu da Japan a Portsmouth, ya gaya wa sarki hanya biyu ce: ko mulkin soja da jini mai yawa, ko sassauci. Ba da son ransa ba, Nikolas ya sa hannu a kan sanarwar 30 ga Oktoba, wadda ta yi alkawarin 'yancin magana da taro da addini, da majalisar dokoki mai suna Duma da ba za a yi doka ba sai da yardarta. Sanarwar ta raba kan 'yan adawa. Lauyoyi da malaman jami'a da attajirai suka koma shirin zaɓe, aka bar ma'aikata su kaɗai. Da suka ɗauki makamai a unguwar Presnya ta Mosko a Disamba, aka turo soja daga Petersburg da igwa, mutum sama da dubu suka mutu. Gungun masu kishin sarauta kuma suka huce haushinsu kan Yahudawa, suka kashe ɗaruruwa a Odessa kaɗai, 'yan sanda na kallo. Abu guda ya ceci sarauta a wannan karo: duk da tawaye nan da can, akasarin soja sun bi umarni, aka ce su harba suka harba.

Da ƙura ta lafa, sarki ya fara janye abin da ya bayar. Kafin Duma ta zauna, aka fito da dokokin tushe na 1906 da suka bar masa ikon naɗa ministoci, da yaƙi, da rusa majalisar duk ran da ya ga dama. Duma ta farko ta buɗe ranar 10 ga Mayun 1906, ta taso da maganar raba gonaki, aka rushe ta bayan kwana 72. Ta biyu ma ba ta wuce 'yan watanni ba. A Yunin 1907 aka sake dokar zaɓe ba tare da majalisa ba, aka fifita ƙuri'ar masu gandu, aka rage kujerun Folan da Kaukasus, Musulmin Turkistan kuwa aka hana su wakilci ɗungurungum.

Mai wannan aiki shi ne firaminista Pyotr Stolypin, mutumin da ya fi kowa ƙwarewa a cikin masu yi wa Nikolas hidima. Da hannu ɗaya ya kafa kotunan soja na gaggawa da suka kashe mutum sama da dubu cikin wata takwas, har jama'a suka riƙa kiran igiyar rataya da sunansa. Da ɗaya hannun ya ba manomi damar ware gonarsa daga ta gandun ƙauye ta zama mallakarsa, da nufin samar da manoma masu abin hannu da za su tsaya wa sarauta, a daidai lokacin da aka daina karɓar kuɗin fansa. Shirin na bukatar shekaru masu yawa na zaman lafiya, bai samu ba. A Satumbar 1911 aka harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Kiev, sarki yana cikin ɗakin. Shekara mai zuwa soja suka bindige masu yajin aiki a mahaƙar zinariya ta kogin Lena a Siberiya, suka kashe aƙalla 150, yajin aiki ya sake kunno kai. Duk da haka a 1913 aka yi gagarumin bikin cikar gidan Romanov shekara 300, Nikolas da matarsa suka ga cincirindon jama'a, suka ɗauka ƙauna ce da ba ta da iyaka.

Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko a Agustan 1914 ta haɗa kan ƙasar na ɗan lokaci. Aka sauya sunan babban birni daga Petersburg zuwa Petrograd saboda na da yana da ƙamshin Jamusanci. Amma cikin wata guda Jamus ta murƙushe runduna guda a Tannenberg, kwamandanta Janar Samsonov ya kashe kansa. A 1915 aka rasa Folan baki ɗaya. Harsashin igwa ya yi ƙaranci, akwai lokacin da ake tura kurata fagen daga ba bindiga, su jira ta wanda ya faɗi. An ɗebi maza wajen miliyan 15 a tsawon yaƙin, akasarinsu daga gona. An toshe hanyoyin ruwa na Baltik da na Turkiyya. Gwamnati ta haramta sayar da barasar bodka, wadda ke kawo mata kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shiga, sai ta koma buga takardar kuɗi. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, manoma suka ƙi sayar da hatsi da kuɗin da ba ya sayen komai. Hatsin yana nan a ƙasar, jiragen da za su kai shi birni ne ke jigilar soja ko suna jibge sun lalace.

A Satumbar 1915 Nikolas ya yi kuskuren da ya fi kowanne tsada. Ya karɓi jagorancin soja da kansa, ya tare a hedkwata a Mogilev, duk da ministocinsa sun roƙe shi a rubuce kada ya yi. Daga ranar, duk kashin da aka sha a wuyansa yake. Harkar gida kuwa ta koma hannun matarsa Alezandra, haifaffiyar Jamus, jikar Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Ɗansu namiji tilo, Alexei, an haife shi a 1904 da ciwon rashin daskarewar jini, ƙaramin bugu na iya kai shi bakin kabari, kuma fada ta ɓoye wa jama'a wannan. Uwar ta sakankance cewa addu'ar Grigori Rasputin, wani baƙauye daga Siberiya mai da'awar waliyyantaka, ita ke raya yaron. Duk mai ɗa marar lafiya zai fahimci halin da take ciki. Amma jama'a ba su san dalilin ba, abin da suka gani shi ne mashayi mai neman mata yana shiga fada yana fita, ana naɗa ministoci ana tuɓewa da shawararsa. Cikin shekara guda aka yi firaminista huɗu. A Nuwambar 1916 Pavel Milyukov ya tashi a zauren Duma ya jera kurakuran gwamnati, bayan kowanne yana tambaya ko wauta ce ko cin amanar ƙasa. A ƙarshen Disamba wasu 'yan gidan sarauta da kansu, Yarima Felix Yusupov da Yarima Dmitri, tare da ɗan majalisa Purishkevich, suka kashe Rasputin suka jefa gawarsa a kogi ta ƙarƙashin ƙanƙara. Sun yi ne don ceton sarauta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A can Asiya ta Tsakiya wuta ta riga ta kama tun tsakiyar 1916, lokacin da aka ba da dokar ɗibar Musulmin yankin aikin ƙarfi a bayan fagen daga. Mutanen da baƙin manoma Rashawa suka riga suka ƙwace wa wuraren kiwo da gonaki suka tashi. An murƙushe boren da rashin imani, Kirgizawa da yawa suka halaka a kan duwatsu suna gudu zuwa Sin.

Hunturun 1917 ya zo da tsananin sanyi, dusar ƙanƙara ta toshe layukan dogo. Matan Petrograd kan fito tun cikin dare su bi layin burodi, sau da yawa gari ya waye a ce ya ƙare. Ranar 7 ga Maris sarki ya koma Mogilev, ranar kuma masana'antar Putilov ta rufe ƙofa ta bar dubban ma'aikata a titi. Washegari Alhamis, Ranar Mata ta Duniya, sanyi ya ɗan sassauta, matan masaƙu na unguwar Vyborg suka ajiye aiki suka fito suna kiran burodi, suna bin masana'antu suna fito da maza. A kalandar da Rasha ke amfani da ita a lokacin, wadda ke bayan ta sauran Turai da kwana 13, ranar 23 ga Fabrairu ce, shi ya sa ake kiran abin Juyin Fabrairu. Babu jam'iyyar da ta shirya shi. Lenin yana Zurich, Trotsky yana New York, Stalin yana zaman ɗaurin talala a Siberiya.

Ranar Juma'a masu yajin aiki suka kai wajen 200,000. Da aka tare gadoji, sai suka tsallaka kogin Neva a kan ƙanƙara. Zuwa Asabar birni ya tsaya, kiran burodi ya koma kiran a sauke sarauta a daina yaƙi. Mutane suka lura da wani sabon abu: mahayan Kosak, waɗanda aka sani da bulala, suna ratsa taro a hankali ba sa dukan kowa. Da daren nan sarki ya buga wa kwamandan birnin, Janar Khabalov, waya cewa gobe a kawo ƙarshen tarzoma. Ranar Lahadi soja suka yi harbi, a dandalin Znamenskaya kaɗai aka kashe mutum wajen 40. Shugaban Duma, Rodzianko, ya aika wa sarki saƙon gaggawa yana roƙon a naɗa gwamnatin da jama'a suka yarda da ita. Nikolas ya ce shirme ne, ko amsa bai ba shi ba, aka kuma dakatar da zaman majalisar.

A nan 1917 ta bambanta da 1905. Tsofaffin sojan sarki sun ƙare a fagen daga. Waɗanda ke barikokin Petrograd, su wajen 160,000, kurata ne 'ya'yan manoma da ma'aikata, cunkushe a ɗakunan da ba a gina don yawansu ba, suna jiran a tura su inda 'yan'uwansu suka mutu. Sojan rundunar Volinsky da suka yi harbi ranar Lahadi suka kwana suna tattaunawa. Da safiyar Litinin 12 ga Maris, ƙarƙashin wani saje mai suna Kirpichnikov, suka ƙi fita, aka harbe hafsansu, suka bi barikokin maƙwabta suna kiran su. Kafin dare an fasa rumbun makamai, an buɗe gidajen yari, an ƙona ofisoshin 'yan sanda, ministoci sun watse. A fadar Tauride hukuma biyu suka tsiro a rana ɗaya, kwamitin 'yan Duma a ɓangare guda, sobiyet ɗin ma'aikata da soja a ɗaya ɓangaren.

Nikolas ya hau jirginsa don komawa wurin iyalinsa, inda 'ya'yansa ke kwance da ƙyanda. Aka sanar da shi cewa 'yan tawaye sun riƙe tashoshin gaba, jirgin ya juya zuwa Pskov, hedkwatar Janar Ruzsky. Babban hafsan hafsoshi, Janar Alekseev, ya tuntuɓi kwamandojin fagagen daga ta waya, amsoshinsu suka zo iri ɗaya: idan ana son a ci gaba da yaƙi, sai sarki ya yi murabus. Ranar 15 ga Maris, a cikin taragon jirgi, ya karanta saƙonnin ya amince ya sauka ya bar wa ɗansa. Sannan ya kira likitansa Fyodorov ya tambaye shi gaskiyar ciwon yaron. Likitan ya ce ba ya warkewa, kuma da wuya a bar yaron ya zauna tare da uban da ya sauka. Da wakilan Duma biyu, Guchkov da Shulgin, suka iso da dare, ya shaida musu ba zai iya rabuwa da ɗansa ba, don haka ya sauka a madadin su biyun ya bar wa ƙanensa Mikhail. Da fensir ya sa hannu. Washegari Mikhail ya gana da 'yan majalisa a Petrograd, ya tambaya ko za a iya lamunce masa tsaron ransa, aka ce ba za a iya ba. Ya ce ba zai karɓa ba sai in majalisar da jama'a suka zaɓa ta ba shi.

Babu rundunar da ta tashi don kare sarauta. Shugabannin coci ma cikin 'yan kwanaki suka umarci a cire sunan sarki daga addu'a a sa na sabuwar gwamnati. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Yarima Lvov, daga baya ta Kerensky, ta saki fursunonin siyasa ta ba da 'yanci mai faɗi, amma ta ci gaba da yaƙi ta kuma jinkirta rabon gona, abubuwa biyun da talaka ya fito dominsu. An ayyana jamhuriya a Satumba, ranar 7 ga Nuwamba kuma Bolshebik suka ƙwace mulki.

Tsohon sarki da iyalinsa an tsare su a Tsarskoye Selo. Ingila ta yi tayin ba su mafaka, amma Sarki George na Biyar, wanda mahaifiyarsa da ta Nikolas ya da ƙanwa ne, ya ji tsoron fushin ma'aikatan ƙasarsa, aka janye tayin. Aka kai su Tobolsk a Agustan 1917, sannan Yekaterinburg a 1918, gidan wani injiniya mai suna Ipatiev. Mikhail an kashe shi kusa da Perm a watan Yuni. Cikin daren 16 wayewar 17 ga Yulin 1918, yayin da dakarun da ke yaƙar Bolshebik ke matsowa Yekaterinburg, aka tayar da Nikolas da iyalinsa daga barci aka saukar da su wani ɗaki a ƙasan gidan. 'Yan bindiga ƙarƙashin Yakov Yurovsky suka kashe Nikolas da Alezandra, da 'ya'yansu mata huɗu, Olga, Tatiana, Maria da Anastasia, da Alexei mai shekara 13, da likitansu Botkin, da barori uku da suka zaɓi su zauna tare da su. An binne ƙasusuwan Nikolas da matarsa da uku daga cikin 'ya'yansu a cocin Bitrus da Bulus na Petersburg ranar 17 ga Yulin 1998, shekara 80 cif bayan kisan.